Maɗorin da Ya Wanke Iya Tabawa

An yi wani mutum a wani ƙauye, shekarun baya da nisa, bawan Allah ne mai suna Nomau. Ɗori ne sana'arsa, gadonta ya yi. Ba shi da yawan magana, amma hannunsa na da albarka.

Wata rana wani magidanci, Jatau, ya faɗo daga kan giginya, ƙashin cinyarsa ya karye. Nomau ya ɗora, ya ɗaure da karare. Jatau har ya sha kunu, ya yi raha da 'ya'yansa. Kowa ya ce an auna arziki.

To ku saurara, jama'a. Kwana biyu, da hantsi, sai numfashi ya fara gagarar Jatau. Yana haki, yana haki, kamar wanda aka koro. Wasu ɗige-ɗige jajaye suka feso masa a ƙirji da hammata. Hankalinsa ya gushe, ya shiga sambatu, cikin sambatun ya kira sunan maƙwabciyarsa, wata tsohuwa da ba ta da kowa, Iya Tabawa.

Shi ke nan. Aka ce mayya ce, ta kama kurwarsa. Aka jawo ta har ƙofar gidan Jatau, zaninta na jan ƙasa, tana cewa, "Ni na yi goyonsa fa! Ni na yi goyonsa!"

Ku duba inda jarrabawar take. Da a ce Nomau ya yi shiru, da sunansa ya tsira. Ba wanda ya kalle shi, duk ido na kan tsohuwa. Sai ya ratsa taron ya ce, "Ku sake ta. Sau biyu na taɓa ganin wannan ciwo, ga mutanen da ba su san Iya ba. Daga karayar yake tasowa."

Wan Jatau ya ce, "Baba Nomau, karayar da kai ka ɗora?"

Ya ce, "Ita. Kuma ya fi ƙarfina. Ku kai shi asibiti yanzu."

Aka saki Iya Tabawa, aka sa Jatau a amalanke, ga tafiya mai nisa. Suna isa ƙofar asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce wani lokaci in babban ƙashi ya karye, kitsen ɓargo kan shiga jini ya toshe hanyoyin huhu da ƙwaƙwalwa. Ba maita ba ce, ba kuma laifin maɗori ba.

Amma wa ya ji likita? Abin da gari ya riƙe shi ne Nomau ya amsa da bakinsa cewa daga karayar da ya ɗora ciwon ya taso. Aka daina kawo masa karaya. Mutanen da ya tayar da ƙafafunsu suka riƙa wuce shi ba sallama. Haka ya tsufa yana saƙar igiya a zaure, har ya koma ga Mahaliccinsa. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

'Yan'uwa, darasin a fili yake: gaskiyar da za ka faɗa ka yi asara saboda ita, ita ce ake auna imaninka da ita. In mai karaya ya fara haki ko sambatu, ku garzaya da shi asibiti, kada ku tsaya neman wanda za ku ɗora wa laifi. Kuma kowannenmu ya tambayi kansa: wa ake zalunta a unguwarmu yau, na san gaskiya, na kama bakina don kada a juyo kaina? Allah zai tambaye ka shirun nan. Allah Ya ba mu ikon faɗa.