Faten Sha'ir na Waziri Jatau

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da, Allah ne mafi sanin gaskiyar lamari, cewa an yi wani sarki a Birnin Ƙwargaba ana ce masa Ranau. Yana da waziri mai suna Jatau, mutum mai karatu, amma bai taɓa nisa da ƙofar gari fiye da tafiyar yini biyu ba. Duk abin da ya sani game da Larabawa daga littafi guda ya samo shi, wato labarin tafiyar da kakansa Alhaji Nomau ya rubuta bayan ya ƙetare hamada ya dawo. Waziri ya haddace littafin nan tsaf. Da an ambaci Balarabe a fada, ko ba a tambaye shi ba, sai ya gyara zaman rawani ya ce, "Kakana ya faɗa."

Ana nan sai manzo ya iso da labarin wani babban attajiri, Sidi Mas'udu na garin Ainu Zarƙa, yana tafe yana neman birnin da ayarinsa na raƙuma ɗari biyar zai riƙa yada zango duk shekara. Sarki ya dubi Waziri ya ce, "Shekara ashirin kana cika mana kunne da kakanka. To, ga ranarka ta zo. Baƙon nan a gidanka zai sauka. In ya zaɓi garinmu, ka gama mini komai. In kuwa ya wuce gaba, rawaninka ya bi shi."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ransa fari tas, domin a Ainu Zarƙan ne kakansa ya yi kwana arba'in. Ya koma gida ya buɗe littafin kakansa daidai wurin da ya ambaci garin, ya karanta: "Mutanen garin nan, babbansu da yaronsu, ba su da abinci sai faten sha'ir, ba gishiri, ba nama, ba yaji. Da shi suke girmama baƙo."

Nan take ya sa aka nemo sha'ir, ya kira Iya Tabawa, tsohuwar da ke riƙe da madafar gidan, ya yi mata bayani. Ta riƙe baki ta ce, "Ranka ya daɗe, ga raguna a turke, ga zabi, za a ba baƙon Sarki abin da ko mai jinya sai an lallashe shi?"

Ya ce, "Iya, kin taɓa zuwa Ainu Zarƙa?"

Ta ce, "Kai ka je?"

Ya ce a ɗora tukunya kawai.

Baƙo ya sauka, aka kawo fate, lami salam. Sidi Mas'udu ya yi bismilla ya shanye, ya ce da Hausarsa ta fatake, "Madalla da abinci." Waziri ya ji kamar an naɗa shi sarauta ta biyu, ya sa aka ƙaro akushi. Haka aka yi safe, rana da yamma, har kwana uku, shi ma yana sha tare da baƙo saboda ladabi, hanjinsa na kuka. A rana ta huɗu baƙo ya ce gobe zai kama hanya, bai ko ambaci zango ba. Waziri ya koma ɗakinsa. Ya sake duba littafi daga farko har ƙarshe, bai ga inda ya kuskure ba.

Bayan la'asar ya fita shi kaɗai don ya sha iska, baƙin ciki da yunwa suna cinsa. Da ya biyo ta bayan kasuwa sai ƙamshin tsire ya tare shi. Ya duba gabas ya duba yamma, ya ja amawali ya rufe fuska, ya shige rumfar mai tsire. Can ƙurya sai ga wani mutum, shi ma fuska a rufe, tsinke goma sha biyu a gabansa babu komai a jiki, yana lasar ƙuli-ƙuli a yatsa, hawayen yaji na zuba. Suka haɗa ido.

Waziri ya ce, "Sidi?"

Baƙo ya ce, "Waziri? Ashe kuna cin nama?"

"Mu? Ai ku ne ba ku ci!"

Sai Sidi Mas'udu ya zaro wani tsohon littafi daga hammata ya ce, "Zauna, ya mai girma, ka ji abin da kakana Shaihu Marzuƙu ya rubuta." Ya karanta, yana fassarawa:

"A shekarar da dabino ya yi albarka, wani mutumin ƙasar Hausa mai suna Nomau ya sauka gidana, ruwan rijiyoyin hanya ya ɓata masa ciki. Na sa aka yi masa faten sha'ir ba gishiri, irin na marasa lafiya. Don kada ya ji kunya, na ce kowa a gidan shi zai sha, kada baƙo ya ga wani da nama. Da ya warke na yi niyyar yanka masa rago, sai ya ce mini tun da yake bai taɓa cin abinci mai daɗin wannan ba. Sai na gane ashe abincin ƙasarsu ne, muka ci gaba da shi kwana arba'in, har matana suka yi fushi da ni. Ranar da ya tafi muka yanka raguna uku. Duk wanda zai je ƙasar Hausa, ya shirya haƙuri."

Ya rufe littafi ya ce, "Ni na shirya haƙurin. Amma na duba na ga raƙumana za su iya, mutanena ba za su iya ba. Shi ya sa zan wuce."

Dariya ta ƙwace wa Waziri, har ya riƙe gefen rumfa. Ya ce, "Nomau kakana ne! Wallahi santin ƙarya ya yi, don kada ya ɓata wa mai gida rai." Suka yi ta dariya suna dukan cinya, suka sa aka ƙaro tsire.

Washegari suka gurfana gaban Sarki da littattafan biyu. Sarki ya saurara, ya yi dariya har ya share ido, sa'an nan ya ɗaure fuska ya ce, "Waziri, baƙona ya kwana uku da yunwa saboda takarda. Cikin tsofaffin nan biyu, wa ya yi ƙarya? A ƙone littafinsa."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, babu maƙaryaci a cikinsu. Kowanne ya rubuta abin da idonsa ya gani, kunya ta hana shi tambayar dalili. Littafin kakana bai san abin da ke akushin Larabawa ba, amma ya nuna mutanen da suka bar nama kwana arba'in don kada baƙo ya ji kunya. Wannan shi ne labarin, ni kuwa na shekara ashirin ina karanta fate. In akwai mai laifi, ni ne, da baƙo ya zo har zaurena na tambayi takarda ban tambaye shi ba."

Sidi Mas'udu ya ce, "Ya Sarki, garin da wazirinsa zai sha abin nan sau tara don ya girmama ni, nan raƙumana za su durƙusa."

Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya bar masa rawaninsa, ya kuma yi umarni a kwafe littattafan biyu a ɗinke su cikin tadarishi guda, wato bango ɗaya, kada a ƙara karanta ɗaya ba tare da ɗayan ba. Ranar nan aka yanka raguna, aka ci aka sha har makaɗa suka gaji.

Masu ruwaya suka ce, wanda zai san mutane ta littafin matafiyi, ya nemi abin da su ma suka rubuta a kan matafiyin. In kuwa Allah ya kawo masa mutumin da kansa, ya ajiye littafi ya buɗe baki ya tambaya. Nan hikayar ta tsaya, Allah ya ba mu baƙi na alheri, ya ba mu bakin tambayarsu abin da suke so.