Baitin da Zuhair Ya Ja

Akwai wani mawaƙi a Takur, cikin Dutse, mai suna Zuhair. Shi da abokansa biyu suka kafa ƙungiyar waƙa, ba ubangida, ba kamfani. Shekara huɗu suna haɗa albam ɗaya, har masoyansu suka gaji da tambaya.

Waƙar farko a ciki ta Afra'u ce, Bafulatanar Ringim da yake nema da aure. Don ya faranta mata, ya sa amshi da Fulatanci: "Mi yiɗi ma," wato ina son ki. Amma kalmar ta ƙi zama a kan kiɗan, sai ya ja ta: "Afra'u, mi yiɗaa ma."

Musaddiq, mai kaɗa musu fiyano, a rugar Fulani ya tashi, yana jin yaren. Ya ɗaga hannu ya ce, "Zuhair, wurin nan fa akwai gyara."

"Malam, kai da yatsu aka san ka. Bar wa masu murya aikinsu."

Sau uku Musaddiq yana tayar da maganar, sau uku ana gwale shi. Ya kama bakinsa.

Ranar Juma'a albam ya fita. Kafin la'asar an tura shi waya zuwa waya, har masu adaidaita a Jahun sun kunna. Sai saƙonnin dariya suka fara shigowa. Ashe a Fulatanci, "yiɗaa" ɗin nan da ya ja shi ke kore magana. Sau goma sha biyu Zuhair ya ambaci sunanta, ya shaida wa duniya ba ya son ta.

Ya goge waƙar daga shafinsu, amma ta riga ta bazu. Ya yi ta kiran Afra'u har wayarsa ta mutu, ba ta ɗauka ba. Washegari ya hau mota zuwa Ringim, ya tsaya a zaurensu har ta fito.

"Wallahi kuskure ne. Ki yi min rai."

"Na sani," ta ce a hankali. "Ƙannena ma sun sani, shi ya sa suke rera min ita. Amma duk shekarun nan, ba wanda ya ankarar da kai?"

Ya sunkuyar da kai. "Musaddiq ya so. Ban bari ya ƙarasa ba."

Ta dube shi ido cikin ido.

"To ni ranar da zan ce akwai gyara, wa zai bari in ƙarasa?"

Ta juya ta shige gida.

Darasi: Idan na kusa da kai ya ce akwai gyara, bar shi ya kai aya. Ku tura wa wanda kuke so, tun bai makara ba.