Telan da Ya Ajiye Babur Saboda 'Yarsa

Akwai wani tela mai shago a bakin kwana, mutum mai fara'a, amma in ya kafe a kan magana sai dai a ƙyale shi. Allah ya ba shi 'ya guda bayan dogon jira. Ita ce ta fari, ita ce ta ƙarshe, shi ya sa kowa ke kiranta Auta.

Shi telan nan cikin yunwa ya tashi, don haka ya yi wa kansa alkawari 'yarsa ba za ta san ta ba. In an tashi makaranta, benci na jiran Auta kusa da keken ɗinki, ga lemon kwalba, ga biskit, ga waya ta yi ta kallo har yamma. Kaiwa da ɗaukowa duk a babur, har bakin ƙofa. Jikinta na ƙaruwa, shi yana murna. In uwarta ta ce ƙibar nan fa ta fara yawa, sai ya yi dariya ya ce hutu ne, a bar masa 'yarsa.

Wata rana Auta ta dawo tana haki, ta ce malamar motsa jiki ta sa su zagaya fili. Washegari ya ajiye almakashi ya nufi makaranta. Ya tare malamar, ya ce shi karatu ya kawo 'yarsa, ba aikin soja ba. Daga yau a bar ta a inuwa ta yi gadin jakunkuna.

Malamar ba ta ɗaga murya ba. Ta bari ya amayar da duk abin da ke cikinsa, sannan ta ce, "Baban Auta, na ji. Alfarma ɗaya nake roƙo. Tsaya nan bayan taga har a kaɗa ƙararrawa, kada ta gan ka."

Ajin su Auta a saman bene yake. Da aka kaɗa, yara suka haye matakala a guje. Auta na baya. Ta ɗan hau, sai ta durƙusa tana taɓa takalminta. Wata yarinya ta wuce tana cewa tankar ruwa ta sake lalacewa a hanya, sauran suka kwashe da dariya. Auta ta miƙe, ta ƙara hawa kaɗan, ta sake durƙusawa.

Tela ya buɗe baki zai ce igiyar takalmin ce ke kwancewa, sai maganar ta maƙale. Shi da kansa ya sayo takalmin. Na zurawa ne, ba shi da igiya.

"Kullum haka take," in ji malamar a hankali. "Numfashi take nema. Kunya ce ta sa take fakewa da takalmi."

Jikin tela ya yi sanyi. Ya tambaye ta abin yi. Ta ce a fara kai ta asibiti a duba lafiyarta. Kada a hana ta abinci, kada a yi mata gori. Ita kuma ba za ta sa ta tsere da kowa ba, za su fara da kaɗan. Amma fili shi kaɗai ba zai isa ba, sai gida ya taya.

Abin bai zo da sauƙi ba. Ranar da ruwa da 'ya'yan itace suka maye gurbin lemon kwalba, Auta ta yi kuka har tela ya kusa karaya. Ya jingine babur, suka koma zuwa makaranta a ƙafa. Mai aski maƙwabcinsa ya dinga tsokanarsa, wai ko an sayar da babur ɗin ne aka ɓoye musu. A kwanakin farko ma hakin tela ya fi na 'yar. Malamar ta ba su igiyar tsalle. Da yamma uwa ta riƙe gefe, uba ya riƙe gefe, Auta na tsakiya tana harɗewa, suna dariya.

Watanni suka shuɗe. Auta ba ta zama siririya ba, amma jiki ya yi sauƙi, fuska ta washe.

Ran nan suna dawowa, ruwan sama ya tsuge musu a hanya. Kafin tela ya nemi wurin fakewa, Auta ta zuba a guje, jaka na bugun bayanta. Ba ta tsaya ba sai a rumfar shago. Ta juyo tana dariya, ta ce, "Baba, yi sauri mana, ko in zo in goya ka?"

Tela ya tsaya cikin ruwa yana kallonta, ya jiƙe sharkaf bai damu ba. Abin da kawai ya iya cewa shi ne, "Allah ya saka wa Malama da alheri."

Darasi: Son yaro ba cika masa ciki kaɗai ba ne, har da barin sa ya yi gudu ya yi gumi. In malami ya faɗa maka gaskiya a kan ɗanka, ka saurara kafin ka yi fushi. Ku tura wa iyaye, sannan ku tuna da malaman da suka yi haƙuri da mu, ku sa su a addu'a.