Faifan Da Inuwa Tela Ya Karya

Akwai wani tela mai suna Inuwa da ya yi zamani a Unguwar Sarki ta Kaduna, a shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa. Matashi ne mai hannu a ɗinki, mai tsafta, kuma ba ya saɓa ranar da ya ce a zo a karɓi kaya, wanda hali ne da ya yi ƙaranci a wurin teloli tun wancan lokaci har zuwa yau. Aibinsa guda ɗaya ne, amma babba ne.

Saboda yaran yanzu da ba su riski zamanin ba, wajibi ne a yi bayani. Samarin Kaduna na lokacin ba su tsaya ga kallon finafinan Indiya a silima kawai ba. Sai da suka san masu tsara kiɗan waƙoƙin, suka kuma rabu gida biyu a kansu. Da yake sunayen mutanen Bombai suna da nauyi a harshe, sai suka raɗa musu nasu. Ɗaya Sarkin Sarewa, tsohon hannu mai kiɗa a sanyaye. Ɗaya kuma Mai Ganga, sabon shiga mai kiɗa da zafi.

Inuwa mutumin Sarkin Sarewa ne. Hotonsa yana manne a bangon shago, daidai saman keken ɗinki. Ya taɓa mayar wa wani masinja yadinsa ba a ɗinka ba, don kawai ya ce waƙoƙin Sarkin Sarewa na bana ba su kai na bara ba. Abin da ya fi cin ran Inuwa kuwa shi ne, kunnensa ya riga ya gaya masa haka tun kafin masinjan ya faɗa. Shi ya sa ba ya iya jure jin maganar a bakin kowa.

A wannan lokaci yana neman auren Uwani, 'yar wani akawu da ke Unguwar Rimi. Suna son juna, mahaifinta ma bai ƙi ba, sai dai ya ce magana tana hannun yayansa Malam Yusha'u, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa yana zaune a Zariya. Shi ne waliyyi, kuma ya ce ba zai ba da 'ya ba sai ya ga yaron da idonsa a wurin sana'arsa.

Ranar da aka ce dattijon zai zo, Inuwa ya share shago, sannan ya ja Audi gefe. Audi ma'aikacin ofis ne, abokin Inuwa tun suna makarantar firamare, amma yanzu shi ne jagoran mutanen Mai Ganga. Kullum da yamma yana zuwa shagon, domin a nan garmahon da ake sa faifai yake.

"Audi, don girman Allah, yau ka riƙe bakinka," in ji Inuwa.

"Bakina a rufe yake, ango. Faifaina ne zai yi magana."

Bayan la'asar Malam Yusha'u ya iso, da yadin shadda a hammata, wai a auna masa riga. Inuwa ya durƙusa ya gaida shi, ya auna shi cikin ladabi, ya ba shi benci. Samari suka yi ta shigowa suna gaisuwa suna neman wurin zama.

"Baba, ko a sa maka ɗan kiɗa ka huta gajiya?" Audi ya tambaya.

"Ku sa mana, ai wurinku ne."

Audi ya ɗora sabon faifan Mai Ganga. Inuwa ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da ɗinki. Ya yi alkawari a ransa cewa ko ƙala ba zai ce ba. Sai dai waƙar, in za a faɗi gaskiya, ta yi daɗi.

Can sai Audi ya ɗaga hannu. "Jama'a, ku dubi ƙasa! Ku dubi ƙafar Inuwa!"

Kowa ya duba. Ƙafar tana taka keke daidai da bugun gangar, tana tsayawa inda kiɗan ya tsaya, tana tashi inda ya tashi.

"Baki na Sarkin Sarewa, ƙafa ta Mai Ganga! Munafukar ƙafa ta tona asirin maigidanta!" in ji Audi.

Shago ya ɓarke da dariya. Har dattijon sai da ya murmusa.

"Keke nake takawa," in ji Inuwa.

"Haba malam, wane keke? Ka fito fili ka tuba, muna karɓar masu tuba. Tsohon naka ya gaji, sarewarsa ta toshe."

"Ku da kuke jin hayaniyar makera ku ce kiɗa ne? Bari a wanke wa Baba kunne."

Ya tashi ya cire faifan Audi, ya ɗora wanda ya fi so a cikin na Sarkin Sarewa. Ya tsaya yana kallon fuskar Malam Yusha'u, yana jiran ya ga ta sauya. Ya ƙudurta cewa idan dattijo mai hankali ya yaba, to an gama da Audi, an kuma gama da wannan shakka da take damunsa.

Malam Yusha'u ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya ce da zuciya ɗaya, "Yaro, wannan ba shi ne aka sa ɗazu ba? Ni dai a kunnena duk ɗaya ne."

Audi ya faɗi daga benci don dariya.

Inuwa ya san wanda ke zaune a gabansa. Ya san abin da ya kawo shi. Duk da haka bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ɗaya ne? Kunnen da ya tsufa yana jin kukan jirgin ƙasa, ina zai san kiɗa? Wanda bai san abu ba ai sai ya yi shiru!"

Bai tsaya nan ba. Ya fizgi faifan Audi, ya ɗora a gwiwa, ya karya shi gida biyu, ya watsa masa a ƙirji. Audi ya ci kwalarsa, samari suka shiga tsakani da ƙyar.

Dattijon ya miƙe a hankali, ya naɗe yadinsa.

"Inuwa, wannan bawan Allah na jikin bango, ya san kana duniya?"

Inuwa ya dubi hoton, dattijon ya ci gaba.

"Ba zaginsa na yi ba. Cewa kawai na yi ban ji bambanci ba, ka zage ni, ka karya kayan abokinka. Uwani yarinya ce mai faɗin abin da ta gani. Ranar da ta ce maka ka yi kuskure, me za ka karya?"

Ya sa takalmansa ya fita.

Washegari da yamma Inuwa ya hau kekensa zuwa Unguwar Rimi, yana fatan ko Uwani za ta roƙar masa. Ta fito zaure, ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta shimfiɗa masa tabarma ba.

"Baffa ya gaya mana komai," in ji ta. "Ya ce ba zai tilasta mini rabuwa da kai ba, sai abin da na zaɓa. Amma kafin in zaɓa, akwai abin da nake ɓoye maka tun da muka fara magana, don na san halinka. Ni waƙar Mai Ganga nake rerawa idan ina shara."

Ta zuba masa ido. Da ya yi dariya kawai, da an ɗaura aure.

"Ai don ba ki san kiɗa ba ne," in ji Inuwa. "Da za ki zauna in sa miki..."

"Allah ya haɗa kowa da rabonsa," in ji Uwani.

Ta juya ta shiga gida. Kafin mako ya zagayo an mayar masa da kayan da ya kai na neman aure.

Darasi: Ya ku masu bibiyar wannan shafi, ku sani cewa wanda ya tabbata da abin da yake so ba ya tayar da jijiyar wuya don wani ya ƙi shi. Yawan zafin kare gwani alama ce ta shakkar da mutum yake ɓoyewa a ransa. Kada ku wulaƙanta dattijo, ko aboki, ko masoyi, saboda mutumin da bai san sunanku ba. Ku aika wannan labari ga duk wani Inuwa da kuka sani, domin a wannan zamani na waya sun fi na da yawa.