Motar Baba a Ƙofar Alhaji

Baba, saurara ka ji aikin ƙanwarka, Goggo Tabawa.

Motar nan ta hannu da ka saya wurin Alhaji Ɗanjummai, wadda ya yi alkawarin gyarawa kyauta har wata uku, ta ƙi tashi kwana tara bayan rasuwarka. Goggo ta sa aka tura ta har kamfaninsa.

Alhaji ya duba takardar cinikin. "Allah ya jiƙan Malam. Amma da shi na yi alkawari, Hajiya. Ya zo da ƙafarsa, sai a gyara."

"Gaskiyarka," in ji Goggo. Ta sa aka gicciye motar a bakin ƙofa, ta samu inuwa ta zauna. Ba shiga, ba fita.

"Hajiya, janye motarki!"

"Tawa? Ni da ko keke ban iya ba? Mai ita ya zo da ƙafarsa ya janye."

Alhaji ya daka wa ma'aikatansa tsawa su ture ta.

"Bismilla," in ji Goggo. "Gado ne ba a raba ba, kuma da marayu a ciki. Wanda ya shirya amsa tambaya a lahira ya fara taɓawa."

Kowa ya mayar da hannu aljihu.

"Ai kina cikin manyan magada, ba da izini mana!"

"Au, ashe ka san da magada? To, su ne suka zo gyara."

Kafin la'asar mota ta tashi. Ni na tuƙo ta gida, kujerar na nan yadda ka bar ta. A hanya na yi dariya, karon farko tun tafiyarka, Baba. Ban gaya wa kowa ba tukuna.