Fankar da Ɓera Ya Kashe

Akwai wani manomi mai suna Barnaba, yana da wata tsohuwar mota da yake kai masara kasuwa da ita. Hanyar ƙauyensu a buɗe take, babu abin da yake tsayar da shi sai awaki. In ya taka mota, iska ce kawai take kaɗawa.

Wata rana matarsa Rifkatu ta ce masa, "Maigida, dā in ka tsaya a ƙofar gida nakan ji wani abu yana juyawa a gaban motar nan. Yanzu shiru."

Barnaba ya yi dariya ya ce, "Ai lafiya ce ta samu, shi ya sa ta daina surutu." Mutumin namu dai haka yake, in abu bai kwantar da shi a hanya ba, to ba matsala ba ce. Ko bonet bai ɗaga ba.

Ana nan sai mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, numfashi yana yi mata wuya. A asibitin ƙauye aka ce a hanzarta da ita babban asibitin birni. Suka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar Rifkatu. Motar ta yi ta gudu lafiya lau har suka iso gadar shiga birni da tsakar rana, suka faɗa cikin cunkoso. Gaba mota, baya mota, ba wurin juyawa.

Barnaba ya duba allurar zafi, ya ga ta bar inda ta saba zama. Ya danna oda, na gabansa ko motsi bai yi ba. Allura ta ci gaba da hawa, a baya kuma yana jin numfashin tsohuwa yana fita da kyar. Yana kallo allura ta shiga ja, tururi ya fara tasowa ta gefen bonet. Da kyar ya karkata gefen titi ya kashe inji.

Tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya sayi ruwan leda, ya ɗauko tsumma, ya kai hannu zai kwance murfin lagireto, wato inda ake zuba wa inji ruwa. Sai wani bakanike da ke da rumfa a ƙarƙashin gadar ya daka masa tsawa, "Kai, Malam! Cire hannunka! Ruwan nan tafasa yake yi, fuskarka zai wanke."

"Uwata ce a ciki, ba ta da lafiya," in ji Barnaba. "Don Allah ka yi wani abu."

Bakaniken ya leƙa baya ya ga tsohuwa, ya ce, "Sannu, Mama." Sa'an nan ya ce wa Barnaba, "Sai ya huce tukuna. Ba ni da ikon gaggauta wannan."

Wannan jira ya fi kome zafi. Barnaba ya je taga, ya dawo gaban mota, ya sake komawa taga. Rifkatu tana yi wa tsohuwa fifita da gefen zane. Leɓunan tsohuwa suna motsi a hankali. Ya sunkuya don ya ji ko ruwa take nema, ashe addu'a take yi, har tana sa sunansa a ciki.

Da inji ya huce, bakaniken ya buɗe murfin, ya cika ruwa, ya duba ƙasa bai ga yoyo ba. Ya ce a tayar. Suka tsaya suna kallo, inji ya ɗau zafi, fankar da take sanyaya shi ba ta motsa ba. Bakaniken ya bi wayarta da yatsa har ya ciro ta a gutsure, ga ɓawon masara a lungun.

"Ɓera ne, kuma ya daɗe da yin aikinsa," in ji shi. "In kana gudu, iskar hanya ce take sanyaya maka inji. In ka tsaya, sai fanka. Taka kuwa a mace take."

Ya haɗa wayar, ya naɗe ta, ya sa sabon fis. Fanka ta juya, allura ta sauko. Suka koma cikin cunkoso suna tafiya taku-taku, amma zafi bai ƙara hawa ba. Sun isa asibiti da tsohuwa da sauran numfashi. Ma'aikaciyar jinya da ta karɓe ta ta dubi Barnaba ta ce, "Me ya tsayar da ku haka?" Barnaba ya sunkuyar da kai.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Motar ita ce zuciyarka. Iskar hanya ita ce taron sujada, da waƙoƙin mawaƙa, da zumunta, da kwanakin da kome yake tafiya daidai. Abubuwa ne masu kyau, amma daga waje suke busowa. Fankar ita ce addu'arka ta ɓoye, wadda kake yi kai da Ubangiji ba mai ganinka. Ɓeran kuwa shi ne 'yan ƙananan abubuwa, gajiya, da aiki, da "sai gobe", waɗanda suke gutsurar wayar kaɗan-kaɗan ba tare da ƙara ba.

Ina jin tsoro dominmu, gama da yawa a cikinmu muna gudu lafiya lau da iskar waɗansu, muna tsammani tamu ce. Ranar tsayawa tana zuwa, ko ciwo, ko rashi, ko jiran amsar da ta ƙi zuwa. A ranar ba za a sami iska ba, kuma ba kai kaɗai ne a motar ba, akwai waɗanda suke kwance a bayanka suna dogara gare ka. Kada ka bari sai a kan gada. In ka koma gida yau, ka shiga ɗaki, ka rufe ƙofa, ka yi shiru a gaban Ubangiji, ka saurara ko akwai abin da yake juyawa.