Asalin Wasan Gangara-Turmi

Ga ta nan, ga ta nanku, a yi shiru!

Ta zo mu sha, Iya.

Wata rana Akuya ta kama Kura tana mirgina mata turmi da ƙuli-ƙuli a ciki.

Akuya ta ce, "Sata? Bari in kira karnuka."

Kura ta yi maza ta saki turmin. Ta ce, "Haba ƙawata, sabon wasa ne! Shiga ake yi, a tura mutum."

"To shiga mu gani."

Kura ta cusa kai, Akuya ta tunkuyi turmin, ya gangara har rafi. Dabbobi suka yi ta shewa, suka ce a riƙa yi duk shekara. Har yau Kura ce gwanar wasan, don ba wawan da ke shiga sai ita.

Ƙurunƙus kan kura. Wanda ya taɓa mini turmi kuwa, zai gani.